Yadda Ake Kallon Tsofaffin Majami'un Katako na Norway, Daga Tushe Zuwa Ƙololuwa

Itace da ruwa ba sa ga maciji da juna, kowane kafinta ya san wannan. Amma a Norway, ƙasar da ruwan sama da dusar ƙanƙara ba sa ɗaga wa gini ƙafa, akwai majami'u 28 na katako da suke tsaye har yau, yawancinsu kuma an kafa su ne tsakanin 1130 da 1350. Mutanen ƙasar suna kiransu stavkirke, da wannan sunan za ka same su a taswira da allunan hanya. Masana na ƙiyasin cewa a da sun haura 1,000. Wuta ta ci wasu, wasu sun ruɓe, wasu kuma mutane ne suka rushe su da hannunsu.

Yawancin masu ziyara suna sauka daga mota, su ɗaga kai su ga kawunan dodanni a bisa rufi, su ɗauki hoto, su wuce. Ina ganin asara ce babba. Wanda yake so ya fahimci waɗannan gine-gine daga ƙasa zai fara, domin kusan duk abin da zai burge ka a jikinsu dabara ce ta hana ruwa kwana a jikin itace. Ga yadda za ka bi su, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: zaɓi wanda za ka fara da shi

Kada ka ce sai ka ga duka. Uku sun isa su buɗe maka ido.

Borgund, a yankin Lærdal, kusa da babbar hanyar E16 da ta haɗa Oslo da Bergen, an gina shi wajen 1180. Shi ne wanda aka fi barinsa yadda magina na farko suka bar shi, don haka da shi ake auna sauran. Urnes, wanda aka gina wajen 1130, yana kan tudu a bakin mashigin teku na Luster, ana tsallakawa gare shi da ƙaramin jirgin fito daga ƙauyen Solvorn, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979. Heddal, kusa da garin Notodden a Telemark, shi ya fi duka girma, kuma har yanzu ana ibada da ɗaurin aure a cikinsa.

Idan tafiyarka ba za ta wuce Oslo ba, akwai cocin Gol da aka kwance aka kawo unguwar Bygdøy ta Oslo a shekarun 1880, yana cikin gidan tarihin al'adun gargajiya na Norway. Yawancin waɗanda ke ƙauye ana buɗe su ne lokacin zafi kawai, daga wajen Mayu zuwa Satumba, saboda haka ka duba ranakun buɗewa tun kafin ka yanki tikiti. Ka ware wa kowanne aƙalla awa biyu.

Mataki na biyu: tsaya daga nesa tukuna

Kafin ka shiga harabar, ka tsaya inda idonka zai ɗauki ginin da abin da ke kewaye da shi. Ka tambayi kanka: me ya sa nan? Urnes yana kallon ruwa domin a wancan zamanin ruwa ne babbar hanya, da kwalekwale ake zuwa ibada. Borgund yana kan tsohuwar hanyar da matafiya ke bi su ƙetare duwatsu tsakanin gabas da yamma. Ka lura da fuskar ginin: bagadi yana gabas, babbar ƙofa tana yamma, haka tsarin majami'un Turai na da yake. Ka lura da katangar dutse da kaburburan da ke cikinta. A Borgund za ka ga hasumiyar ƙararrawa tana tsaye ita kaɗai a gefe, da kuma wani jan coci na katako da aka gina a 1868 lokacin da tsohon ya yi wa jama'a kaɗan. Gina sabon a gefe, ba a kan filin tsohon ba, shi ya ceci tsohon.

Mataki na uku: duƙa ka dubi tushe

Nan ne zancen yake, kuma nan ne kowa ke wucewa.

Majami'un farko da aka gina bayan Kiristanci ya kafu a Norway, wato bayan mutuwar Sarki Olav a yaƙin Stiklestad a 1030, ginshiƙansu a cikin rami ake kafa su, a cike da ƙasa. Danshi yakan cinye gindinsu cikin 'yan shekarun da ba su kai ɗari ba. Masu tonon tarihi sun sami ramukan irin waɗannan ginshiƙai a ƙarƙashin daɓen Urnes, alamar cewa an yi wasu majami'u a wurin kafin wannan. Sai magina suka sauya dabara. Suka jera duwatsu, suka kwantar da manyan gungumai a kansu, suka sarƙe ƙarshensu da juna har suka zama firam, sannan suka kafa ginshiƙan a kan firam ɗin. Itace ya rabu da ƙasa, iska tana ratsawa ta ƙarƙashi tana busar da shi. Wannan canji guda shi ya raba ginin shekara sittin da ginin shekara ɗari takwas.

To ka duƙa. Ka nemi layin duwatsun, ka ga gungumen da ke kwance a kansu. Ka bi shi da ido har kusurwa, inda za ka ga gindin ginshiƙin kusurwa an tsaga shi ya hau kan mahaɗar gungumai biyu ya rufe ta, domin mahaɗa ce ruwa ya fi so. A irin su Borgund, inda tsakiyar ginin ta ɗaga sama, akwai wasu gungumai huɗu da suka gitta juna a ƙarƙashin daɓe, biyu a tsaye biyu a kwance. Ginshiƙan ciki suna kansu, ƙarshensu da ya zarce waje kuma yana ɗauke da bangon waje. Duk nauyin ginin a kan wannan shimfiɗa yake.

Idan ka ga wani yanki na gungumen ya fi sauran haske ko santsi, gyara ne. Ba aibu ba ne. Ƙa'idar masu gyara a Norway ita ce a yanke iya inda ya ruɓe, a dasa sabo da irin itacen da irin kayan aikin, a bar sauran. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta bi duka majami'u 28 da irin wannan gyara tsakanin 2001 da 2015.

Mataki na huɗu: bango, itacen kansa, da kwalta

Yanzu miƙe ka dubi bango. Falankan a tsaye suke, ba a kwance ba. Gindin kowanne yana cikin wata kwarya da aka sassaƙa a jikin gungumen ƙasa, kansa kuma yana cikin ta gungumen sama, gefensa ya shige cikin gefen maƙwabcinsa. Ruwa yana bin tsawon itacen ya sauka, ba ya samun wurin tsayawa.

Ka matso kusa, amma kada ka taɓa. Za ka ga sawun gatari. Zarto mai aiki da ƙarfin ruwa bai shigo Norway ba sai wajen ƙarni na 16, don haka waɗannan falankai tsaga su aka yi da gatari da turaku, aka sassaƙe su, aka kankare. Itacen da aka tsaga yana bin jijiyarsa, bai cika shan ruwa kamar wanda zarto ya yayyaga ba. Gungume guda sau da yawa falanki biyu kacal yake bayarwa. Ka lissafa falankan bango ɗaya, ka ga bishiyoyi nawa aka sare da kwanaki nawa aka yi ana sassaƙa.

Itacen kansa ba kowane ba ne. Itacen da ake kira fain ne, na ƙasar sanyi, mai jinkirin girma, wanda zuciyarsa ke cike da ƙaro, kuma ƙaron ne ke hana ruɓa. An san wata tsohuwar dabara a can ta sare kan bishiya ko ɓare wani sashe na ɓawonta, a bar ta tsaye wasu shekaru, ƙaro ya taru a jikinta kafin a kayar. Shekarun gine-ginen ma daga jikin itacen ake karanta su: ana gwada zoben girman da ke cikin gungume da na wasu itatuwan da aka san shekarunsu, har a gane shekarar da aka sare shi. Haka aka san cewa itacen Urnes wajen 1130 aka kayar da shi.

Baƙin da kake gani kuwa ba fenti ba ne, ba kuma tsufa ba ne. Kwaltar itace ce. Ana tara kututture da saiwar fain a rami, a rufe da ƙasa da gansakuka, a kunna wuta ta ci a hankali ba tare da iska sosai ba, kwalta ta tsatso ta gangara ta ƙasa a tara a ganga. Ita ake shafa wa rufi da bango duk bayan 'yan shekaru. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san cewa katangar da ba a yi wa yaɓe kafin damina ba, damina ce za ta yi maganinta. Haka kwalta take ga waɗannan majami'u: ba ƙarfin itace kaɗai ya kawo su yau ba, hannun mutanen ƙauye ne da ba su fasa shafawa ba tsara bayan tsara.

Ka zagaya ginin gaba ɗaya ka gwada ɓangarorinsa. Na kudu, da rana ke duka, kwaltarsa takan narke ta koɗe, ya koma ruwan ƙasa ko ruwan zuma. Na arewa yakan zauna baƙi ƙirin, a wasu wuraren kwaltar ta yi kauri ta tsattsage. Idan ranar da zafi, hancinka zai riga idonka sanin ta.

Mataki na biyar: ɗaga kai

Sai yanzu ka dubi rufi. A Borgund hawa-hawa yake, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, dukansu da gangare mai tsanani don kada dusar ƙanƙara ta zauna. Kowane hawa yana zubar da ruwansa kan na ƙasa, na ƙarshe ya watsa shi nesa da tushe. An lulluɓe su da ƙananan fale-falen katako masu tsini a ƙasa, kowanne ya hau kan biyu, tsinin kuma shi ke tattara ɗigon ruwa ya sake shi a wuri guda.

Hawa mafi ƙasa rufin wata siririyar baranda ce da ta kewaye ginin. Ana cewa a nan mutane ke ajiye makamansu kafin su shiga, a nan kuma suke fakewa idan ana ruwa. Babban aikinta dai kare bango da tushe daga feshin ruwa ne. Ka shiga ka bi ta ka zagaya. A nan za ka ga itacen da rana ba ta taɓa ba, da rubuce-rubucen da mutanen da suka karce a jikin katako da tsoffin haruffan arewacin Turai, wasu addu'a, wasu suna kawai.

Kawunan dodannin da ke leƙowa daga ƙarshen rufin sama, huɗu ne a Borgund, ƙananan rufin kuma gicciye ke kansu. Ana yawan danganta su da kawunan da ake sa wa jiragen ruwan Bikin, wato mayaƙan teku na arewa, ana kuma cewa don korar mugayen iskoki aka yi su. Ka riƙe abu ɗaya: duk abin da ke waje yana shan rana da ruwa, fale-fale ne ko kan dodo, an sha sabunta shi. Tsohon itace na gaske yana ciki da ƙarƙashin baranda.

Mataki na shida: tsaya a bakin ƙofa, ka daɗe

Ƙofofin ƙunci gare su, dokinsu kuma da tsayi, sai mutum ɗaya ya ɗaga ƙafa ya shiga. A kewayensu ne masassaƙa suka zuba duk gwanintarsu. Kallon farko ba za ka ga komai ba sai sarƙaƙiya. Dabarar ita ce ka nemi kai guda, na dabba ko na maciji, ka bi wuyansa da ido, ka ga inda ya shige ƙarƙashin wani, inda ya ɓullo, har ka kai wutsiya. Ka sake ɗaukar wani kan. Bayan uku ko huɗu, abin zai warware maka. Sau da yawa za ka ga reshen inabi yana fitowa daga bakin wata dabba a ƙasa, yana hawa gefen ƙofa, dodanni biyu masu fiffike kuma sun haɗu a sama suna cizon na uku.

A Urnes kada ka tsaya a ƙofar shiga kawai. Ka zagaya bangon arewa. A can aka dasa wata tsohuwar ƙofa da falankai da aka ciro daga cocin da ya riga wannan, aikin wajen 1070. Wata dabba ce mai ƙafa huɗu, siririya, doguwar wuya, tana cizon wani abu mai kama da maciji, shi ma yana cizon ta, siraran rassa suna kewaye su. Sassaƙar tana da zurfi ƙwarai, har inuwa na kwanciya a bayan kowane layi. Wasu masana suna karanta ta a matsayin zaki da maciji, wato gwagwarmayar alheri da sharri a fahimtar Kirista, wasu kuma suna ganin ragowar tatsuniyoyin arewa ne na kafin Kiristanci. Darajarta ta kai har an sa wa salon sassaƙa na ƙarshen zamanin Bikin sunan wannan ƙauye. A ganina, ko don wannan bango kaɗai tsallaka ruwan bai zama asara ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne maginan 1130 ba su jefar da aikin kakanninsu ba, sun nema masa wuri a sabon gini.

Wasu ƙofofin sun tsira bayan majami'unsu sun tafi. Ta Hylestad, mai labarin jarumi Sigurd da ya kashe dodo, tana gidan tarihi a Oslo. Akwai kuma dalilin da ya sa aka taɓa ƙofofi da yawa: a 1822 gobara ta tashi a cocin Grue ana tsakar ibada, ƙofofin kuwa ta ciki suke buɗewa, jama'a suka danne su, sama da mutum 100 suka mutu. Bayan haka doka ta ce ƙofofin majami'u su riƙa buɗewa waje.

Mataki na bakwai: shiga, ka ba idonka lokaci

Ciki duhu ne. Kada ka kunna fitilar waya nan take. Ka tsaya minti biyu ko uku, idonka zai saba. Asalin hasken ginin daga wasu 'yan ramuka zagayayyu yake shigowa can sama a bango, sai kuma kyandir. Babu kujeru a tsakiya a wancan zamani, a tsaye ake ibada, benci na jikin bango na tsofaffi da marasa ƙarfi ne.

Ka fara da ginshiƙai. Ka bi ɗaya daga daɓe har sama, za ka ga gungume guda ne. A ƙarshensa, a Borgund da wasu, an sassaƙa fuska, ta mutum ko ta dabba. Tsakanin ginshiƙai akwai katakai da aka gitta kamar harafin X, ana kiransu gicciyen Andarawus, kuma Borgund ma da sunan wannan manzo aka keɓe shi. Ado ne, amma tokara ce da ke hana ginin karkata idan iska ta buga.

Sannan ka dubi bakunan da ke tsakanin ginshiƙai. Za ka zaci an lanƙwasa katako ne. A'a. An nemo inda saiwa ta haɗu da gangar bishiya, inda itacen ya tanƙware da kansa, aka yanko guda biyu aka haɗa su suka ba da baka. Jijiyar itacen tana bin lanƙwasar, shi ya sa ba ya karyewa. Maƙeran jiragen ruwa ma haka suke zaɓen itace, kuma idan ka kalli cikin rufin za ka gane dalilin da ya sa ake yawan kamanta shi da jirgin da aka kifar. Haɗin sassan da tsagi ne da turakun itace, abin da ke ba ginin damar motsawa kaɗan da sanyi da zafi ba tare da ya tsage ba. Za ka ji ana cewa babu ƙarfe ko ɗaya a ciki. Ka dubi ƙofa, za ka ga maratayi da makulli da zoben ƙarfe na maƙera, wasunsu ma abin kallo ne.

Akwai abin da ya kamata ka sani a nan: maginan suna kwaikwayon majami'un dutse na Ingila da sauran Turai ne, da itace. A Urnes kawunan ginshiƙan murabba'i ne masu zagayayyen gindi, irin na ginin dutse na wancan ƙarni, an zana musu dabbobi da mutane. Bakuna, da ɗakin bagadi mai zagayen baya, da tsarin tsakiya mai tsawo da gefuna masu gajarta, duka daga can suka zo. Wanda ya koyi ganinsu a nan zai gane su idan ya shiga babban cocin dutse a Faransa ko Jamus.

Mataki na takwas: rarrabe zamani da zamani

Babu ɗaya daga cikin 28 ɗin da ya tsaya a ƙarni guda. Annobar da ta shigo Norway a 1349 ta kashe jama'a masu yawa, gini ya tsaya, wasu majami'u suka zama kango. A 1537 ƙasar ta bar ɗariƙar Katolika ta koma ta Lutha, inda wa'azi da karatu suka zama ginshiƙin ibada. Saboda haka duk inda ka ga mumbari, da jerin kujeru, da manyan tagogi masu gilashi, ka san bayan 1537 ne. Furanni da rassan da aka zana da fenti a bangon Nore da Uvdal, a kwarin Numedal, na ƙarni na 17 da na 18 ne. A Urnes za ka ga wasu katakai sun gitta tsakiyar ginin ba bisa tsari ba. A ƙarni na 17 aka yanke ginshiƙai don a yi wa wani gidan masu hali wurin zama na musamman, ginin ya fara karkata, dole aka tokare shi.

Ƙarni na 19 ne ya fi yin ɓarna, shi ne kuma ya yi ceto. Dokar 1851 ta ce kowane coci ya iya ɗaukar kashi 3 cikin 10 na mutanen yankinsa, ƙananan majami'un katako kuwa ba za su iya ba, aka yi ta rushe su. Mai zane Johan Christian Dahl ya tashi tsaye a kan lamarin. Shi ya sayi cocin Vang da za a rushe, Sarkin Prusiya Friedrich Wilhelm na Huɗu ya karɓa, aka kwashe shi aka sake kafawa a shekarun 1840 a wurin da yau yake Karpacz a Poland. A 1844 aka kafa ƙungiyar kare kayan tarihin Norway, wadda Borgund da Urnes ke hannunta har yanzu.

Sai dai masu ceton ma sun sa hannunsu. Hopperstad, a Vik, tsohon gini ne na gaske, amma barandarsa da siffarsa ta waje mai tsara gine-gine Peter Blix ne ya sake su a shekarun 1880 yana duban Borgund. Haka aka yi wa Gol. Fantoft kuwa, a Bergen, wanda aka kawo daga Fortun a 1883, an cinna masa wuta da gangan a watan Yunin 1992 ya ƙone ƙurmus. Wanda ke wurin yanzu sabo ne da aka kammala a 1997, ba ya cikin 28 ɗin. Ya cancanci kallo, domin yana nuna yadda irin ginin yake da sabon itace, amma ka san abin da kake kallo. Tambaya mafi amfani da za ka yi wa mai yi maka jagora ita ce: wane sashe ne na asali, wane ne na gyara?

Mataki na tara: ladabin wuri

Ɗakin ibada ne, ko da ya zama gidan tarihi. Ka sassauta murya. Maza sukan cire hula, ba a cire takalmi. Kada ka jingina da bango ko ka shafa sassaƙa, maiƙon hannu yana ɓata ta. Sigari da ashana da duk wani abin wuta, ko a harabar ma kada ka kusanto da su, ka tuna itace ne da aka shafe da kwalta shekara ɗaruruwa. Ka tambaya kafin ka ɗauki hoto a ciki, kada ka haska fitilar kamara. Kaburburan waje da yawansu na mutanen da danginsu ke raye ne, ka bi hanya, kada ka taka. Idan ana ibada ko jana'iza ko ɗaurin aure, ka jira a tashi. Musulmin da zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba, ya sani cewa tushe, da bango, da rufi, da baranda, da bangon arewa na Urnes, duka daga waje ake ganinsu.

Mataki na goma: kai idon nan sauran Turai

Da zarar ka saba, tambayar farko a gaban kowane ginin katako ita ce: itacen a tsaye yake ko a kwance? A gabashin Turai kwantar da gungumai ake yi, ɗaya bisa ɗaya, a sarƙe su a kusurwa. Don haka a can kusurwa za ka fara dubawa, nan gwanintar kafinta take.

A tsibirin Kizhi, cikin tafkin Onega a arewacin Rasha, akwai cocin da aka gina a 1714, mai ƙubba 22, tsawonsa kusan mita 37. Gangar ginin gungumai ne da aka haɗa ba ƙusa, amma fale-falen ƙubbobin da ƙusa aka kafe su, kuma na wani farin itace ne da ke komawa ruwan azurfa idan ya sha rana. A Maramuresh, arewacin Romaniya, hasumiya ce abin kallo, siririya mai tsini a kan ɗan ƙaramin gini, kuma takwas daga cikin majami'un yankin sun shiga jerin UNESCO a 1999. A kudancin Poland, a irin su Dębno, ciki ne ya fi waje, domin an rufe bango da silin da zanen fenti tun wajen 1500. A Petäjävesi ta Finland, ginin 1763 zuwa 1765, kafintocin ƙauye ne suka kwaikwayi ƙubba da bakunan dutse da gungumai.

Majami'un Jawor da Świdnica, su ma a Poland, salonsu daban ne: firam na katako da aka cike tsakaninsa da yumɓu da ciyawa. Bayan sulhun Westfaliya na 1648, wanda ya kawo ƙarshen yaƙin shekara 30 a Turai, sarkin gidan sarautar Habsburg mai mulkin yankin, ɗan Katolika, ya yarda mabiya Lutha na yankin Silesiya su gina majami'u uku, bisa sharaɗin a yi su a wajen ganuwar gari, ba dutse ba bulo, ba hasumiya, kuma a gama cikin shekara guda. Na ukun, a Głogów, ya ƙone a ƙarni na 18. Na Świdnica yana ɗaukar mutum kusan 7,500, kuma idan ka shiga, ka ƙirga hawan barandun da aka jera a jikin bango, domin ta haka aka samar wa wannan jama'a wuri a cikin ginin itace da laka.